Ajali Ba Mayafin Sakaci Ba Ne: Mutuwar Fuju'a a Bakin Injin Katako

Gabatarwa

Akwai wata 'yar gajeruwar magana da ke kashe bakin kowace tambaya a ƙasar Hausa, ita ce "kwana ya ƙare." Da zarar an furta ta a zaman makoki, mai son bincike sai ya haɗiye yawu, mai ƙorafi ya sunkuyar da kai, wanda ya kamata a titsiye kuma ya samu inuwar fakewa. Maganar gaskiya ce, babu Musulmin da zai yi jayayya da ita, domin kowane rai da ranarsa. Abin da na zo yin jayayya da shi a wannan maƙala shi ne aikin da muka ɗora wa maganar, har muka mayar da ita mayafin lulluɓe sakacin 'yan Adam, musamman idan mamacin talaka ne mai ci da guminsa.

Zan ɗauki misali guda in tsaya a kansa, wato leburan da zuciyarsa ta tsaya farat ɗaya yana tsaka da aiki a masana'antar katako. Irin wannan mutuwa ba ta zubar da jini, ba ta da ƙarar bindiga, don haka ba ta shiga labaran rediyo. Da'awata ita ce, galibi ana iya hango ta tun tana nesa, wani lokaci ana iya tare ta a mintunan farko, kuma duk lokacin da ta auku tana barin haƙƙi a wuyan wasu rayayyu. Mu ne muka ƙi hangowa, muka kasa tarewa, muka noƙe wajen biya, sannan muka jingina komai ga Ubangiji.

Daga Shinaka zuwa bakin inji

Ni ɗan Shinaka ne, a Ƙaramar Hukumar Goronyo ta gabashin Jihar Sakkwato. Mutanenmu manoma ne, kamar 'yan'uwansu na Wurno da Rabah, kuma albarkar fadamar Gulbin Rima da madatsar ruwa ta Goronyo ta sa albasa da tafarnuwa da shinkafa suka zama abin tinƙahonmu. Tun kaka da kakanni, idan an kawar da amfanin gona samari kan rataya 'yar jaka su tafi cin rani, su dawo da saukar damina. A 'yan shekarun nan 'yan bindiga sun rushe wannan lissafi. Harin da aka kai kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021, wanda ya ci rayuka fiye da 40, ɗaya ne daga cikin masifun da suka sa gonar nesa da gari ta zama abin tsoro. Cin rani ya koma zaman dindindin. Wanda kuwa ya baro gonarsa don tsira da rai ba shi da bakin yin ciniki a kan lada. Abin da aka miƙo masa shi yake karɓa, aikin da aka nuna masa shi yake yi.

Cikin wuraren da ke haɗiye irin waɗannan magidanta akwai kasuwannin katako da masana'antun da ke kewaye da su, a birnin Sakkwato ko a 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano da makamantansu. Tirela ta kawo katako daga dazuzzukan kudu, lebura ya sauke, ya jera, ya tura wa inji, ya kwashe gari, da yamma ya loda ƙofofi da gadaje da kujerun da za su ƙawata ɗakin amarya.

Wani maƙwabcinmu, magidanci mai 'ya'ya biyar da bai wuce shekara arba'in da 'yan kai ba, yana cikin waɗanda suka tafi. Abokan aikinsa ne suka ba mu labarin ƙarshensa. Ya yi kwanaki yana cewa ƙirjinsa ya yi nauyi, kamar an aza masa buhu. Ya sayi maganin ciwon jiki a kemis ya sha, ya ci gaba da aiki, domin ranar da ba a fita ba babu na cefane. Wata rana da bazara, gab da la'asar, ya ajiye katakon da ke kafaɗarsa, ya dafa bango, ya sulale ƙasa. Jama'a suka taru. Wani ya sheƙa masa ruwa, wani ya yi ta fifita, wani ya nemi cokali zai cusa masa a baki, wani ya ce iska ce ta buge shi. Kowa ya yi iya abin da ya sani, da zuciya ɗaya. Kafin a samu Keke Napep, kafin a ratsa cunkoson kasuwa, rai ya yi halinsa. Aka kawo gawa cikin dare, aka yi jana'iza da safe. Ranar sadakar uku mai masana'antar ya zo da buhun shinkafa da 'yan kuɗi a ambulan, aka yi ta sa masa albarka. Kafin a yi sadakar bakwai wani yaro daga unguwarmu ya maye gurbin mamacin a bakin injin. Babu wanda ya rubuta komai a ko'ina.

Abin da ke faruwa a cikin ƙirji

Likitoci sun bambanta abubuwa biyu da mu muke haɗawa a ƙarƙashin sunan bugun zuciya. Na farko shi ne jijiyar da ke kai wa tsokar zuciya jini ta toshe, wani sashe na tsokar ya fara mutuwa. Mai shi yakan ji matsi ko nauyi a ƙirji, wani lokaci ciwon ya bi hannun hagu ko muƙamuƙi, gumi ya keto masa, numfashi ya yi wuya. Na biyu shi ne tsarin lantarkin da ke sa zuciya bugawa a jere ya rikice, ta koma makyarkyata maimakon harba jini. Cikin daƙiƙoƙi mutum zai yanke jiki ya faɗi, ba ya amsa kira, numfashinsa ya ɗauke ko ya koma wata irin shaƙuwa jefi-jefi. Sau da yawa na farkon ne ke janyo na biyun. Wasu lokutan kuma zuciyar da hawan jini ya daɗe yana gajiyarwa, ko wadda aka haifi mutum da kaurin tsokarta, ko wadda wutar lantarki ta fizga, ita ke rikicewa.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, wanda ya faɗi haka bai gama mutuwa ba. Ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa ne bayan minti 4 zuwa 6 babu jini, kuma kowane minti da ya wuce ba a yi komai ba yana rage damar tsira da kimanin kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari. Tun 1960 masu bincike a asibitin Johns Hopkins da ke Amurka suka nuna cewa danna ƙirji daga waje yana iya ci gaba da tura jini zuwa ƙwaƙwalwa. Ƙa'idar da ake koyarwa a yau mai sauƙi ce: a kwantar da mutum rigingine a ƙasa mai tauri, a aza tafin hannu ɗaya bisa ɗaya a tsakiyar ƙirjinsa, a riƙa dannawa da ƙarfi, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa, har taimako ya iso. Akwai kuma 'yar na'ura mai kamar ƙaramar jaka da ke girgiza zuciya da lantarki don ta koma kan tsarinta, wadda aka ƙera ta yadda wanda ba likita ba ma zai iya aiki da ita.

Wannan ilimi ya haura shekara 60 a duniya. Hannun da ke iya ɗaga katako ba zai kasa danna ƙirji ba. Abin da ya rasa kawai shi ne wanda zai nuna masa.

Rumfar da ke cin zuciya

Masu cewa wannan mutuwa ba ta da alaƙa da aiki, su zo mu shiga rumfar mu duba. Rufin kwano ne, kuma daga Maris zuwa Mayu zafin ƙasar Sakkwato yakan haura digiri 40. Mutumin da ke ɗaukar kaya a irin wannan zafi yana zubar da ruwan jikinsa ta gumi, jininsa ya ragu, zuciyarsa ta ƙara gudu don ta ciyar da tsokoki ta kuma sanyaya fata a lokaci guda. Lafiyayyar zuciya tana iya jurewa. Mai tabo kuwa a nan take karyewa.

Sai tsawon lokacin aiki. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar da ƙiyasin cewa a shekarar 2016 kaɗai mutane 745,000 suka mutu da shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya sakamakon yin aiki awa 55 ko fiye a mako. Sun nuna irin wannan aiki yana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin ɗari, da haɗarin mutuwa ta toshewar jijiyar zuciya da kashi 17, idan aka kwatanta da mai yin awa 35 zuwa 40. Mai karatu ya yi lissafi da kansa. Wanda ya kama aiki da bakwai na safe bai tashi ba sai gab da magariba, kwana shida a mako, ko an cire lokacin salla da cin abinci ya haura awa 60.

Jikin da aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinsa dole ya nemi tallafi, kuma tallafin da ke kusa shi ne mafi haɗari. Ƙwayar taramol da lemun ƙara kuzari da taba sigari duk suna da kasuwa a inda ake aikin ƙarfi. Suna danne gajiya da ciwo, alhali gajiya da ciwo su ne harshen da jiki ke gargaɗi da shi. Hausawa sun ce jiki magayi, mu kuwa mun toshe wa magayin baki. Ga abincin bakin hanya da ya sha gishiri da dunƙulen ɗanɗano, alhali shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini. Ga hayaƙin janareta da ke rage iskar da jini ke ɗauka. Ga wayoyin lantarki tsirara da aka ɗaure da leda. Ga ƙurar katako, wadda tun 1995 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa ɗan Adam ciwon daji, ban da asma da toshewar numfashi da take haddasawa, ana shaƙar ta babu takunkumi.

A ƙarƙashin duk waɗannan kuma akwai hawan jini, wanda ba ya sallama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan rabin manyan da ke ɗauke da shi a duniya ba su san suna da shi ba. Awonsa bai kai minti biyar ba. Amma sau nawa aka taɓa ɗaura wa lebura abin awo a damtse kafin a aza masa katako a kafaɗa? Mai masana'anta ya san ranar da ya sauya wa janareta baƙin mai, ya san ranar da za a wasa haƙoran zarto. Idan inji ya tsaya cak, ba ya cewa kwanansa ya ƙare. Makanike yake kira, ya tsare shi da tambaya har sai an gano dalili. Ƙarfe ya samu gatan da ɗan Adam bai samu ba.

Darasi daga filin ƙwallo

Da yake mutuwar lebura ba ta da 'yan kallo, bari mu leƙa inda irinta ta auku a gaban dubban idanu. Ranar 12 ga Agusta, 1989, Samuel Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi a filin wasa na ƙasa da ke Legas ana tsaka da karawa tsakanin Nijeriya da Angola, bai tashi ba. Shekarunsa 25, kuma binciken gawa ya nuna zuciyarsa ta kumbura. Bayan shekara 30 da 'yan kai, ranar 8 ga Maris, 2020, Chineme Martins na ƙungiyar Nasarawa United ya faɗi a filin wasa na Lafiya suna wasa da Katsina United. Rahotanni sun nuna motar ɗaukar marasa lafiyar da aka ajiye a filin ta ƙi tashi. Shi ma ya rasu.

Shekara guda da 'yan watanni bayan haka, ranar 12 ga Yuni, 2021, Christian Eriksen na ƙasar Danmak ya faɗi a birnin Kopenhagen, zuciyarsa ta tsaya. Nan take aka hau danna masa ƙirji, aka sa masa na'urar girgiza zuciya, ya farfaɗo. A watan Fabrairu na 2022 ya koma taka leda. Ubangijin da ya halicci Eriksen shi ya halicci Martins, kuma Shi ya ƙaddara wa kowannensu abin da ya same shi. Sai dai a wuri ɗaya an tanadi sababi, a ɗaya wurin an bar shi ya lalace. Idan haka abin yake a filin da hukumomi da 'yan jarida ke zaune, yaya zai kasance a rumfar da ke bayan kasuwa, balle a ƙauyen da ke da tafiya mai nisa kafin a kai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo? Ga mutumin da ke da minti goma kacal, asibiti mafi kusa shi ne hannun abokin aikinsa.

Doka tana nan, a takarda

Wani zai zaci Nijeriya ba ta da dokar da ta shafi wannan al'amari. Tana da ita. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta samar da iska mai gudana da tsaftataccen ruwan sha da hanyar kawar da ƙura da akwatin taimakon gaggawa a wurin aiki, ta kuma ba jami'an Ma'aikatar Ƙwadago ikon shiga su duba. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashin da yake biya a asusun da hukumar NSITF ke kula da shi, domin biyan diyya ga wanda ya ji rauni ko ya kamu da cuta ko ya mutu ta dalilin aiki. Ba ta taƙaita ga mai takardar ɗaukar aiki ba. Ta haɗa da wanda aka ɗauka da baki, da ɗan ƙwadagon yini, da mai koyon sana'a. Ta tanadi cewa matar da aka bari da 'ya'ya biyu ko fiye ta riƙa karɓar kashi 90 cikin ɗari na abin da mijinta ke samu a wata. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar wanda ke buƙatar agajin gaggawa. A 2022 kuma Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda Nijeriya ke cikinta, ta sanya aminci da lafiya a wurin aiki cikin ginshiƙan haƙƙoƙin ma'aikaci.

To, mai karatu ya aza buhun shinkafa guda a ma'auni, ya aza wannan tanadi a ɗaya ɓangaren. Abin da doka ta kira haƙƙi mun mayar da shi kyauta, har muna godiya. Mai ba da kyauta yana da zaɓi, wanda ake bi bashi ba shi da shi. Muddin marayu ba su san suna bin bashi ba, mai bashin zai ci gaba da karɓar addu'a a madadin sammaci.

Babban abin da ke kashe haƙƙin shi ne rashin rubutu. Ba a rubuta sunan lebura ranar da ya kama aiki ba, ba a rubuta abin da ya same shi ranar da ya faɗi ba, ba a yi rajistar mutuwarsa a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ba. Abin da ba a ƙirga ba, gwamnati tana iya rantsuwa babu shi. A Japan sun ba wa mutuwar da yawan aiki ke jawowa suna na musamman, suka yi ta ƙirga ta, iyalan mamata suka yi ta zarya a kotuna, har majalisa ta yi dokar yaƙi da ita a 2014. Sun fara ne da ƙin yarda a binne dalili tare da gawa.

Amsa ga masu uzuri

Na san uzurin da za a kawo mini, kuma na farko shi ne na ƙaddara. Amsata tana cikin tarihinmu. Lokacin da Halifa Umar ɗan Haɗɗabi ya nufi ƙasar Sham ya samu labarin annoba ta ɓarke a can, ya yi shawara da Sahabbai ya juya da jama'arsa, ya kuma bayyana cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take. A nan maƙwabtanmu, a Wurno, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake kwance tun 1837. Wannan malami ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da na ciwon ido da na basir, kuma a littafinsa Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya sanya kula da masu sana'a cikin nauyin da ke kan shugaba. Babu wanda zai ce mun fi shi imani da ƙaddara. A mazhabar Malikiyya da muke bi, an lamuntar wa mai sana'a kayan da aka ba shi ya yi aiki a kansu idan suka salwanta a hannunsa, domin kare maslahar jama'a. Kafintan da ya ɓata katakon mai gida ba ya kuɓuta da cewa haka Allah ya so. Ta yaya katako zai samu mai lamuni, wanda ya ɗauko katakon ya rasa?

Uzuri na biyu shi ne na kuɗi. Za a ce yawancin masu waɗannan masana'antu su ma fafutuka suke yi, ga tsadar man janareta, ga haraji, ga rashin wuta. Wannan gaskiya ne, kuma ba na kiran kowane mai rumfa azzalumi. Amma mu yi ciniki a fili. Abin awon hawan jini bai kai kuɗin ƙofa guda mai kyau ba, kuma guda ɗaya zai ishi layi sukutum. Randar ruwan sanyi da hutun awa guda a tsakar rana ba su taɓa karya jarin kowa ba. Koyon danna ƙirji aikin yini guda ne. Kashi 1 cikin ɗari kuwa naira ɗaya ce a cikin kowace ɗari. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Wanda ya ci ribar ƙarfin mutum ba zai ce lafiyar mutumin ba ruwansa ba.

Uzuri na uku shi ne wanda ya fi ciwo, domin daga bakin mutanenmu yake fitowa. Sukan ce, ana kashe mu a gona, ana sace mu a hanya, kai kana zancen hawan jini? Ina ganin abin da ya sa ran ɗan Goronyo ya yi araha a daji shi ne ya sa ya yi araha a rumfar katako, wato sabon da muka yi da binne namu ba tare da an amsa tambaya ba. Wanda ya tsere wa harsashi ya zo ya faɗi a bakin inji, iyalinsa ba su ga bambanci ba. Maraicin iri ɗaya ne, yunwar iri ɗaya. Ɗan bindiga ya fi ƙarfin ƙungiyar 'yan kasuwa, amma randar ruwa da abin awon jini ba su fi ƙarfinta ba.

Abin yi

Ƙungiyoyin masu sayar da katako da na kafintoci su ne kan gaba, domin suna da shugabanni, suna karɓar kuɗin ƙungiya, kuma maganarsu tana da ƙarfi a kasuwa fiye da ta jami'in gwamnati. Su buɗe littafi mai ɗauke da sunan kowane lebura da garinsu da lambar wayar danginsa. Su ware rana guda a wata don awon hawan jini, wanda nasa ya hau a tura shi asibiti ba tare da an kore shi daga aiki ba, domin in awo ya zama hanyar kora, babu mai miƙa hannu. Su gayyato Ƙungiyar Red Cross ta Nijeriya ko ɗaliban koyon aikin likita su koya wa mutum biyu a kowace rumfa taimakon gaggawa. Su sanya doka cewa duk wanda ya yi kukan nauyin ƙirji ya ajiye aiki a ranar, a kuma biya shi ladansa. Babbar kasuwa kuwa ba za ta kasa haɗa kuɗin na'urar girgiza zuciya guda ɗaya ba.

Gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi su sa taimakon gaggawa cikin abin da ake koya wa ɗalibin sakandare, su tabbatar kowane ƙaramin asibiti daga Shinaka zuwa Rabah yana da abin awo mai aiki da maganin hawan jini mai araha. Hukumar NSITF ta fito daga ofis ta shiga kasuwa, ta yi bayani da Hausa a rediyo. Ba ina kira a jinkirta jana'iza ba ne. Tambayar waɗanda suka shaida faɗuwar mutum da rubuta amsarsu ba ya hana a sallace shi a kan lokaci. Limamai kuma, waɗanda muryarsu ta fi ta kowa isa, su riƙa haɗa wa'azin haƙuri da wa'azin amana, su faɗa wa mai dukiya cewa ran ma'aikacinsa ajiya ce a hannunsa.

Mu da muka samu gatan zuwa jami'a daga waɗannan garuruwa, namu nauyin ya fi na kowa. Da kuɗin albasa da kuɗin cin rani aka biya mana makaranta. Idan ba mu karanta wa gwauruwa dokar da ta ba ta haƙƙi ba, ba mu raka ta ofishin da za ta nema ba, to digirinmu bai fi ƙyallen ado ba.

Kammalawa

Babu tanadin da zai hana mutuwa, kuma ko an yi duk abin da na lissafa wasu za su faɗi ba su tashi ba. Bambancin shi ne, a ranar za mu iya duban marayu ido cikin ido mu ce an auna, an gargaɗa, an danna ƙirji har hannu ya gaji, an rubuta, an biya. Sai bayan haka bakinmu zai yi tsarkin da zai furta cewa kwana ya ƙare. Kafin nan, duk gadon da aka shimfiɗa wa amarya da duk ƙofar da aka kafa a sabon gida suna ɗauke da tambayar da muka ƙi yi, kuma wanda muke jingina wa komai Shi ne zai yi mana ita ranar da babu mayafi.